Wa aka kora kafin ƙauyen Ingila ya yi kyau?

Duk mai yawo a intanet ya sha cin karo da hotunan ƙauyukan Ingila: gidajen dutse a jere bakin rafi, tsohuwar coci mai hasumiya, tumaki na kiwo a fili kore shar. Bibury da ke yankin Cotswolds na cikin waɗanda aka fi ɗauka. Sau da yawa za ka ji ana cewa ai Bature ya iya adana ƙauyensa. Ni kuwa a ganina, kaso mai tsoka na wannan tsafta da shiru ya samo asali ne daga korar talaka, kuma tarihin ƙasar ne shaida.

Tsufan wuraren dai ba abin musu ba ne. A 1086 Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi shekara ashirin kafin nan, ya sa aka ƙidaya filaye da garmuna da masu su saboda haraji. Kundin da aka samar, Domesday, ya ambaci wurare fiye da 13,000, kuma akasarinsu suna nan har yau. Daga 1538 kuma, bisa umarnin Thomas Cromwell, babban ministan sarkin wancan lokaci, aka wajabta wa kowace gundumar coci rubuta baftisma da aure da jana'iza.

Sai dai ƙauyen wancan zamani bai yi kama da na hoto ba. A tsakiyar ƙasar, gari kan kasance da manyan filayen noma biyu ko uku marasa shinge, kowane magidanci yana da siraran kunyoyinsa a warwatse cikinsu. Ga kuma makiyayar gari, inda mai saniya ɗaya ke kiwo, ya kuma yi itacen girki. A ƙauyen Laxton da ke Nottinghamshire har yanzu ana noma a kan wannan tsari, shi ya sa masana ke tururuwar zuwa gani.

Annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe aƙalla sulusin jama'a. Ƙwadago ya yi tsada, ulu kuma yana kawo kuɗi, sai masu ƙasa suka gane makiyayi ɗaya da garken tumaki ya fi musu manoma riba. Haka aka tashi mutanen ƙarshe na ƙauyen Wharram Percy da ke Yorkshire wajen shekarar 1500. Kufai irin wannan da aka gano a Ingila sun kai kimanin 3,000. Daga baya majalisar dokoki ta karɓi aikin: tsakanin 1604 da 1914 ta zartar da dokokin killace fili, wato mayar da filayen noma marasa shinge da makiyayar gari mallakar ɗaiɗaikun mutane, sama da 5,000, waɗanda suka shafi eka kusan miliyan bakwai. Shingayen ƙayar da ke ƙawata hotunan nan, da yawansu a lokacin aka dasa su. Masu kare tsarin suna cewa amfanin gona ya ƙaru, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma mai saniya ɗayan nan ya rasa makiyaya, ya koma ɗan ƙodago ko ya nufi masaƙun Manchester.

Labarin ƙauyen Milton Abbas da ke Dorset ya fi komai ban takaici. A shekarun 1770 attajiri Joseph Damer ya ga garin da ke kusa da gidansa yana ɓata masa kallo, sai ya sa aka rushe shi, aka gina wa sauran mutanen jerin gidaje masu rufin ciyawa a wani kwari da idonsa ba zai kai ba. Wannan jerin ne yau 'yan yawon buɗe ido ke ɗauka a matsayin ƙauyen gargajiya.

Akwai kuma wata dabara da ba a cika ambata ba. Dokar 1601 ta ɗora wa kowace gunduma ciyar da matalautanta daga harajin masu dukiya, ta 1662 kuma ta ba da damar a mayar da baƙon da ake tsoron zai zama nauyi zuwa gundumarsa ta asali. To inda mutum ɗaya ya mallaki gunduma duka, me zai hana shi ƙin gina wa leburori gidaje, ko ma ya rushe waɗanda ke akwai? Sai leburan ya tare a maƙwabciyar gunduma mai cunkoso, kullum ya tako da ƙafa ya yi aiki ya koma. Ƙauyen mai gida ya zauna tsaf, talaucin kuma yana can a kan wuyan wasu. Sai a 1865 aka faɗaɗa ɗaukar nauyin zuwa haɗakar gundumomi.

Ba zan hana Turawan Ingila yabonsu ba. Dokar 1894 ta raba harkar mulkin gunduma da ta coci, ta kafa zaɓaɓɓun majalisun gunduma, kuma yau akwai kusan 10,000. Suna da ɗan kasonsu na haraji, suna kula da maƙabarta, filin wasan yara, zauren taro da ƙananan lambunan haya. Amma izinin gini ba a hannunsu yake ba, shawara kawai ake nema daga gare su.

A nan kuwa gizo ke saƙa, domin abin da mai ƙasa ya yi jiya, farashin gida ke yi yau. Masu kuɗin Landan suna sayen gidajen leburorin da don hutun ƙarshen mako, matashin da aka haifa a garin ba ya iya ko haya, daga nan sai kanti da gidan waya da makarantar firamare su rufe ɗaya bayan ɗaya. Dokar 2011 ta bai wa al'ummomi ikon tsara yadda za a yi gini a yankinsu, kuma a 2016 mutanen garin St Ives da ke Cornwall suka yi amfani da ita, sama da kashi 80 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a suka amince kada a sayar da sabon gida sai ga wanda zai zauna a ciki dindindin. Kotu ta tabbatar da matakin. Sai dai bai shafi tsofaffin gidaje ba, alhali su ne baƙin suka fi so.