Makullin Ɗakin Kwamfuta a Aljihun Shugaban Makaranta

Assalamu alaikum, 'yan'uwana shugabannin makarantu da malamai, musamman matasan da aka fara danƙa wa ragamar makarantu a Sakkwato da kewayenta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, saboda haka ku yi haƙuri da ni, abin da na gani a makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Na je wata makarantar sakandare a cikin gari, sai na tarar ana shirin tarbar baƙi daga ma'aikata. Aka aiki ɗalibi ofishin shugaba ya karɓo makulli, aka buɗe ɗakin kwamfuta da ƙyar domin kwaɗon ya cije, aka sa yara suka yaye zannuwan da aka lulluɓe na'urorin da su. Ƙurar hunturun bara tana nan kwance a kan tebura har mutum zai iya rubuta sunansa da yatsa, wasu kwamfutocin kuma ko ledar da suka zo da ita ba a cire ba. Aka zaɓo yara masu tsabtar tufafi, aka zaunar da su gaban na'urorin da ba a kunna ba, aka ɗauki hoto. Baƙi na juya baya aka mayar da kwaɗo.

Don Allah, wannan wane irin shugabanci ne? An ba mu kayan karatu mun mayar da su jeren amarya, sai dai a leƙa a yaba. Na san uzurin da ake kawowa: yara za su lalata, idan abu ya ɓace shugaba za a tuhuma, sannan babu wuta. Maganar wuta gaskiya ce, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kunna janareto ya fi ƙarfin makarantu da yawa. Amma akwai makarantun da aka sanya wa sola, wutarta ba ta wuce fankar ofis da firjin ruwan sanyi da cajin wayoyin malamai ba. Shi kuwa mai tsoron lalacewa, ya sani cewa batirin kwamfutar hannu idan ya daɗe ba a yi masa caji ba mutuwa yake yi, kuma zafin Afrilu na garin nan, da kan haura digiri 40, tare da ƙura, suna cin na'urar da ke kulle ko ba wanda ya taɓa ta. An gudu wa gara, an faɗa gidan zago.

Yaran ne ke kwana a ciki. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, daga baya ta zama tambayoyi 180 cikin awa biyu, kuma WAEC ma ta fara bin wannan hanya a 2024 da masu rubutawa da kansu, waɗanda ba makaranta ce ta yi musu rajista ba. Yaron da ya shekara shida yana wuce ɗakin nan a kulle, ranar jarrabawa zai fara dafa linzamin kwamfuta, hannu na rawa, yana laluben harafin da zai danna ya wuce gaba, alhali agogo ba ya jiransa. Ya san amsa, amma lokaci ya ƙare masa. Sai a zauna a majalisa ana cewa yaranmu ba su da ƙoƙari. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin takaici ma shi ne, a wasu wuraren ana karɓar kuɗin kwamfuta kowane zango daga iyayen da ke sayar da hatsi ko akuya kafin su biya, malami kuma ya tsaya gaban allo yana zana hoton linzami da alli, na gasken yana bayan bango a kulle. Kada ma a taɓo masu tara kuɗin "taimako" lokacin jarrabawar fita, waɗanda suka koya wa yara cewa satar amsa dabara ce.

Ku ma matasan malamai ban wanke ku ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayar da ke hannunku ta isa ku shiga Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na kyauta da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022, amma datar tana ƙarewa a TikTok a ɗakin malamai, aji kuma yana hannun monita. Duk da haka nauyin ya fi yawa a wuyan mai makulli. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya mana cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ku buɗe ɗakin nan, ku saka shi cikin jadawali, ku nemi kwamitin iyaye su taimaka da abin da ya samu. Na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi ta yi aikin da aka kawo ta dominsa.

Abin ya fi ciwo da yake a Sakkwato ake yinsa. A ƙasar nan Nana Asma'u ta ɗaura wa jajoji, wato matan da ke jagorantar koyar da mata, rawani a kan malfa, ta tura su ƙauyuka da karatu a bakinsu, domin kada nisa ya hana mace sani. Sardauna kansa da alli ya fara, a Midil ta Sakkwato, haka ma Shehu Shagari. Mun tarar da hedimastocin da kan riga kowa isowa makaranta, su duba shirin darasin kowane malami da jan biro, su zaga aji-aji, kuma idan taswira ɗaya ce tak a makarantar sai ta shiga kowane aji har ta yage a liƙe ta. Ba su da wuta, ba su da intanet, amma ba su taɓa ɓoye wa yaro abin karatu ba. Yau shugaba yana iya yin zango guda bai leƙa aji ko ɗaya ba, ya fi sanin ranar shigar albashi da ranar zuwan baƙi fiye da sunayen malamansa, kuma idan aka yi masa canjin wurin aiki sai an bi shi har gida kafin a karɓo makullin.