Zargin ɓatanci: wa ya ba taron jama'a kujerar alƙali?

A ranar 12 ga Mayun 2022, wasu ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato suka jefe Deborah Samuel har lahira, suka ƙona gawarta, bisa zargin ta yi wa Annabi (SAW) ɓatanci a wani saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu. Fadar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan, 'yan sanda suka kama mutum biyu, amma da aka je kotu sai aka tuhume su da haɗin baki da tayar da hankalin jama'a, ba a ambaci kisan kai ba. Kafin wannan, a watan Yunin 2016, an kashe Bridget Agbahime, tsohuwa mai shekara 74, a kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano bisa irin wannan zargi, kuma kafin shekarar ta ƙare kotu ta sallami mutum biyar da ake zargi.

Babu mai musun cewa taɓa mutuncin Annabi yana yi wa Musulmi ciwon da zagin mahaifi ma bai kai shi ba, kuma wanda ya ɗauki wannan da wasa bai san mutanen da yake zaune da su ba. Masu fakewa da 'yancin faɗin albarkacin baki su sani cewa sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya, wanda ya ba da wannan 'yanci, sashe na 45 ya yi masa iyaka domin zaman lafiya da haƙƙin wasu, kuma cin mutuncin addini laifi ne a dokokin ƙasar. Alƙur'ani ma, a Suratul An'am aya ta 108, ya hana Musulmi zagin abin da wasu suke bauta wa.

Sai dai tun da akwai doka, akwai kuma kotu, me ya rage wa mai ɗaukar dutse? Malamanmu na fiƙihun Malikiyya ba su taɓa barin zartar da haddi a hannun kowa da kowa ba. Aikin shugaba ne da alƙali, bayan an saurari shaidu, an tantance lafazin da aka furta, an duba ko mai maganar yana cikin hayyacinsa. Shari'ar Abduljabbar Nasiru Kabara, malamin da aka tuhuma da ɓatanci a Kano, ta ɗauki fiye da shekara kafin a yanke hukunci a Disambar 2022, kuma ko mene ne ra'ayin mutum game da hukuncin, an ba shi damar kare kansa da ta ɗaukaka ƙara. Taron da ya fusata kuwa ba ya tambayar shaida, yawancin masu jifan ma ba su ji abin da aka faɗa da kunnensu ba, ihun wani kawai suka biyo.

Haɗarin da ba a cika faɗa ba shi ne, matuƙar zargi kaɗai ya isa a kashe mutum, to duk mai ƙullin gaba da maƙwabcinsa ya sami makami. Mahaucin da aka kashe a Sakkwato a watan Yunin 2023 Musulmi ne, kuma daga gardama a wurin sana'a abin ya taso.

Wutar kuma ba ta tsayawa kan wanda ake zargi. A Nuwamban 2002, wata maƙala da jaridar ThisDay ta buga kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wadda aka ce ta taɓa mutuncin Annabi, ta jawo rikicin da ya ci rayuka sama da 200 a Kaduna, Musulmi da Kirista. A Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci ga Annabi da mujallar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana komai ba, alhali ita dai wannan Sura ta An'am ta ce babu ran da ke ɗaukar laifin wani.

A ganina, abin da ke raya wannan ɗabi'a shi ne tabbacin da masu yi suke da shi cewa babu abin da zai biyo baya, kuma 'yan siyasa ne suka ba su wannan tabbaci saboda tsoron rasa ƙuri'a. Kowa ya ga yadda aka goge saƙon tir da kisan Deborah daga shafukan Atiku Abubakar, bayan masu sharhi sun yi ta barazanar juya masa baya a zaɓen 2023. Manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi ke da alhakin shigar da tuhumar kisan kai, su kuma bi ta har ƙarshe, musamman yanzu da masu aika-aikar ke ɗaukar kansu a bidiyo da wayoyinsu. Limaman Juma'a su ma suna da nasu nauyin, na su faɗa ƙarara a kan mumbari cewa wanda ya kashe mutum ba da hukuncin alƙali ba, shi ma mai laifi ne da ya kamata a gurfanar.