Yadda na sayi bindigar ƙusa, mai faci ya ci riba

Ni kafinta ne, rufin kwano nake yi tun ina yaron shago, kuma wallahi guduma ba ta taɓa yi min laifi ba sai da na fara kallon bidiyon Turawan Amurka a Facebook. Za ka ga mutum a saman gida da wata bindiga a hannu, tak tak tak, kafin ka kurɓi shayi ya gama layi guda, mu kuwa muna nan muna dukan ɗan yatsa muna salati. Na ce ai ni ma sai na shigo gari.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa wajen wani mai kayan gwanjo, ya fito min da guda biyu. Ɗaya doguwa ce mai cin ƙusa a jere, ɗayar kuma tana da wani ɗan gwangwani a ciki inda ake naɗe ƙusa guda 120 da siririyar waya. Ya ce "Oga wannan mai gwangwanin ita ce ta rufi, ga shi ma an rubuta a jikinta." Kuma gaskiya ya faɗa, an rubuta. Na ɗaga na ji ba nauyi, kilo biyu da wani abu, na saita shi da ita don wasa ya yi wuf ya sunkuya. Ko ciniki ban tsaya yi sosai ba, ya haɗa min da kwalin ƙusa na biya.

Sai da na je gida nake ta juya ta ina neman inda ake sa batir. Babu. Wajen sa caji, babu. Ƙaramin yarona na shago, wanda ko awo bai gama iyawa ba, shi ne ya ce "Oga ai iska take sha." Ashe sai da kwamfareso, wato injin bayar da iska, kuma iskar ma da ƙa'ida, tsakanin 70 zuwa 120 a gejin nan da ake auna taya, sannan kullum a ɗiga mata mai ta bakin tiyo. Na koma tambayar kuɗin kwamfareso, na ji farashi na ce a bar maganar. Wanda na samu da ɗan sauƙi kuma na wutar Amurka ne mai 120, tamu 230 ce, kana jonawa sai hayaƙi.

To wa ke da iska a unguwa? Mai faci. Na same shi muka yi jinga, muka ɗora injinsa a kura har wajen aikin wani Alhaji da na riga na cika wa baki cewa yau zai ga rufin zamani. Bakin tiyonsa bai shiga bindigar ba, ya yanko tsohon tub ya ɗaure. Na ce Malam nawa iskar take yanzu? Ya ɗan matsa tiyon da yatsa ya ce "ta yi." Shi dai geji a wajensa kenan.

Na hau sama, Alhaji na ƙasa da baƙinsa biyu da ya gayyato kallo. Na yi bismilla na dangwala bakinta a tudun kwano na ja kunama. Jama'a! Ƙara ɗaya na ji amma ƙusa uku suka fita, don ashe a kan saitin da kana riƙe da kunama duk inda bakinta ya taɓa sai ta harba take, ni kuma na firgita hannuna na rawa. Tudun kwanon ya lotse, baƙon Alhaji ɗaya ya bar takalminsa, wata tsohuwa a maƙota ta fara salati tana kiran jikokinta su shige ɗaki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da yaron ya leƙa ta ƙasa ya ce Oga ba ta kama katakon ba fa. Ina za ta kama? Mu kwano a kan tudu muke bugunsa don kar ruwa ya bi ramin ƙusa, saboda haka sai doguwar ƙusa mai hula ta ratsa tudun ta sauka ta shiga katakon tubaitu. Ita kuwa wannan iyakar tsawon da take ci bai kai inci biyu ba, ɗaya da kwata uku ne. Su can rufinsu wasu falle-fallen kwalta ne da ake shimfiɗawa a kan filawud, abu a manne, gajeriyar ƙusa ta ishe su. Rufi dai rufi ne a rubuce, amma ba namu ake nufi ba, kuma mai gwanjo bai ga dalilin ɓata cinikinsa da dogon bayani ba.

Na ce bari in gwada cikin kwarin kwanon ko za ta kama, na ja kunama sai na ji fiiis, shiru. Na leƙo ƙasa. Mai faci ya cire tiyona yana ba wani ɗan adaidaita iska! Na ce Malam meye haka, ya ce "Yi haƙuri Oga, kwastoma ne, minti ɗaya." Kafin azahar layi ya kafu a ƙofar gidan Alhaji, masu babur, masu keke, har da yaro da ƙwallo, don duk yankin sabon gini ne ba mai faci ko ɗaya.

Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni kenan. Ya sa aka sauko da kwanon, ya ɗaga kowanne falle yana kallon rana ta cikin hujin yana ƙirgawa a hankali, sannan ya ce "Malam kafinta, ka zo da gudumarka kuwa?" Na ce tana cikin buhu ranka ya daɗe. Ya ce to madalla, kuɗin kwanon a cikin kuɗin aikinka.

Da yamma mai faci ya zo karɓar kuɗin jingarsa cif, aljihunsa cike da canjin masu babur, har yana tambayata wai gobe ƙarfe nawa za mu fito.