Nasiha: Mu Ɗauki Nauyin 'Ya'yanmu Masu Karatun Jinya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na Garwa, Marwa, Ngaundare, Kuseri da Injamena.

Akwai koken da ake yawan yi a majalisunmu, musamman idan an dawo daga jana'izar macen da ta rasu wurin haihuwa. Wani ya ce ya hana matarsa zuwa awo domin namiji ne ke dubawa, wani kuma ya ce mahaifiyarsa ta kasa bayyana ciwonta a asibiti saboda ba ta jin Faransanci, malamar da ta tarar kuma ba ta jin Hausa ko Fulatanci. Koken yana da tushe, amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: 'ya'yan wa muke jira su zo su yi jinyar iyalanmu, alhali namu da suka ci jarrabawa suna zaune a gida don rashin kuɗin makaranta?

Malamai, cikinsu har da Imamu Gazali, sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan wasu suka tsaya da shi ya sauka daga wuyan kowa, idan kuma aka rasa mai yi laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya. Jinya kuwa ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Rufaida al-Aslamiyya, Allah ya yarda da ita, tana da hema a masallacin Manzon Allah (SAW) inda take kula da masu rauni, kuma da kibiya ta sami Sa'ad ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, can Annabi ya ce a kwantar da shi domin ya riƙa duba shi daga kusa. Wanda yake ganin aikin jinya bai dace da 'yar Musulmi ba, ya tsaya ya yi nazari a kan wannan.

Buƙatar a fili take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 406 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Kamaru, a Chadi kuwa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya haura 1,000. Tun 2015 aka kawo takardar lafiya ta sefa 6,000 a jihohin arewa uku na Kamaru, wadda ke ɗauke wa mai ciki kuɗin awo da haihuwa har da tiyata, kuma a Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta shigar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum. Duk wannan alheri ne, sai dai takarda ba ta karɓar haihuwa, allura ma sai da hannun da ya iya yin ta. Duk wanda ya taɓa kwana jinya a ƙaramin asibitin ƙauye cikin watan Agusta ya san abin da nake nufi: yara biyu a gado ɗaya, malama ɗaya tana haska fitilar waya tana neman jijiya a hannun yaron da amai da gudawa suka tsotse, wata mata kuma tana naƙuda a ɗakin da ke kusa. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 32, wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya, kuma wanda ya biya kuɗin karatun wannan malama muna kyautata zaton yana da rabo a cikin kowane ran da Allah ya tsirar ta hannunta.

Karatun cikakkiyar ma'aikaciyar jinya a Kamaru shekara 3 ne bayan Bak, wato shaidar kammala sakandare, da jarrabawar shiga da ake kira konkur. Abin da ke karya ɗalibai ba kuɗin rajista kaɗai ba ne. Akwai hayar ɗaki ga wadda ta baro ƙauye, da farar riga, da abin awon hawan jini, da kuɗin babur zuwa asibitin da aka tura ta koyon aiki, inda za ta kwana a tsaye ba tare da albashi ba. Sau da yawa a shekara ta biyu ake sarewa, lokacin da uba ya riga ya sayar da rago da buhun gero, babu kuma sauran abin sayarwa. Saboda haka wanda zai ɗauki nauyi ya ƙudurta kaiwa ƙarshe, kada ya biya zango ɗaya a ɗauki hoto, sannan ya ɓace.

Ba sai attajiri ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kasuwa goma na layi ɗaya, ko mata masu adashi, ko jama'ar masallacin unguwa, suna iya haɗa abin da zai riƙe ɗalibi ɗaya har ya gama. A kai kuɗin makarantar kai tsaye, a karɓi rasit, a sa amintattu biyu su riƙa sanar da masu bayarwa inda aka kwana. Mai son sanya zakkarsa a nan ya fara tuntuɓar malaminsa, domin zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba. Ba na rage darajar gina masallaci ko komawa Umara, amma unguwar da ke da masallatai uku ba ta da ungozoma ko ɗaya ta cancanci a sake duba inda sadakarta take tafiya.

Sai kuma a kiyayi gori, wanda aya ta 264 a Suratul Baƙara ta ce yana ɓata sadaka. Kada a yaɗa hoton yarinya a Facebook da labarin talaucin gidansu, kada a mayar da ita 'yar aike, kada kuma wani ya fake da taimako ya nemi abin da Allah ya haramta.

Ku kuma ɗalibai, kuɗin nan amana ce a wuyanku. Idan kun gama, ku yarda a tura ku Mora ko Yagwa ko bakin Tafkin Chadi, ku tausasa harshe ga mai naƙuda, ku rufa asirin majinyaci ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya karɓa daga masu bayarwa, amin.