Barasa magani ce a kan fata, amma ba a cikin ciki ba

Kalmar "alcohol" da Turawa ke kiran sinadarin barasa da ita daga Larabci ta fito, al-kuhl, wato kwallin da ake sa wa ido. Da farko duk abin da aka tace ya yi laushi ake kira haka, daga baya sunan ya koma kan ruwan da ake samu idan an dafa giya, an tare tururinta, an sanyaya shi. Likitocin Turai na da can suna ce masa "ruwan rai", kuma da gaske suke yi. Sun ba mai zazzaɓi, sun ba wanda ya suma, sun ɗura wa wanda za a yanke wa ƙafa kafin a samu maganin sa barci a 1846.

Ni a ganina, duk tarihin nan labari ne na yadda likitanci ya riƙa janye barasa daga cikin mutum yana mayar da ita kan fatarsa, kuma har yau akwai masu kallon lamarin a baibai.

Dubi abubuwan da aka yi imani da su. An ce tana ɗumama wanda sanyi ya kama. Abin da take yi shi ne buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, sai jini mai ɗumi ya taso sama, mutum ya ji daɗi, alhali zafin cikinsa ne ke ficewa. An ce tana ƙara wa majinyaci ƙarfi, har sai da aka buɗe wani asibiti a Landan a 1873 da niyyar yin jinya ba tare da dogaro da ita ba, aka ga marasa lafiya suna warkewa. A 1849 likitan Suwidin Magnus Huss ya bayyana jarabar shanta a matsayin cuta mai alamominta. Ko a ƙarshen shekarun 1960 ana sa wa mata masu ciki ita ta jijiya don tsayar da naƙudar da ta zo kafin lokaci, sai ga shi a 1973 an bayyana irin nakasar ƙwaƙwalwa da fuska da take yi wa jaririn da ke ciki. Wannan kuskuren yana ci mini rai, domin da kyakkyawar niyya aka yi shi.

A Amurka, lokacin da aka haramta ta daga 1920 zuwa 1933, an bar wa likitoci ƙofa: suna iya rubuta wa mutum wiski kusan rabin lita duk kwana goma. Takardar likita ta zama lasin shaye-shaye. Talaka kuwa ya koma shan ta bayan fage, wadda aka haɗa da barasar masana'antu mai guba, dubbai suka mutu.

To ina amfanin nata na gaske? A kan fata, kuma da ma'auni. Mutane da yawa suna zaton wadda ta fi ƙarfi ta fi kashe ƙwayoyin cuta. Ba haka ba ne. Barasa tana kashe ƙwayar cuta ne ta hanyar lalata furotin ɗinta, aikin da ba ya yiwuwa sosai sai da ruwa. Mai kashi 96 cikin ɗari tana saurin bushewa kafin ta gama aiki, mai ƙasa da kashi 60 kuma ta yi rauni. Tsakanin 60 da 80 ne wurin. Haɗin ruwan tsabtace hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa asibitoci na lita 10 shi ne: itanol (sinadarin barasar da ke cikin giya) mai kashi 96 mililita 8,333, haidirojin feroksaid mai kashi 3 mililita 417, gilisarin mililita 145, sai a cika da ruwan da aka tafasa ya huce. Feroksaid ɗin ba don hannu aka sa shi ba, don ya kashe ƙwayoyin da suka laɓe a cikin kwalba ne, shi ya sa ake ajiye haɗin awa 72 kafin a fara amfani da shi. Gilisarin kuma don kada fata ta tsage. Idan ya yi yawa, hannu zai riƙa danƙo.

A zuba cikin tafin hannu, a murza bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa da kan farce, daƙiƙa 20 zuwa 30, har ya bushe da kansa. Wanda ya goge da tsumma ya yi aikin banza. Hannu mai datti ko maiƙo sabulu da ruwa yake so. Kada a kwarara ta cikin buɗaɗɗen rauni, tana ƙona naman da zai haɗe, ruwa mai tsabta ya fi. Ba ta kuma isa ta tsarkake kayan tiyata ba, domin akwai ƙwayoyin da ke rufe kansu cikin ɓawo, ba ta ratsa su.

Inda na fi so a tsaya a duba shi ne metanol, wata barasar masana'antu mai guba da ke kama da itanol. Kala ɗaya, wari kusan ɗaya, amma hanta tana juya shi zuwa wani asid da ke cin jijiyar gani. Mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashe shi. Mugun abin shi ne jinkirinsa: mutum zai yi awa 12 zuwa 24 kamar ba komai, sannan ciwon kai, amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama, gani ya yi hazo. A 2020, da jita-jita ta bazu a Iran cewa shan barasa na maganin korona, fiye da mutum 700 suka mutu cikin 'yan makonni saboda wannan gubar. Gaskiya ne asibiti kan yi amfani da itanol a matsayin makarin metanol idan babu fomefizol, maganin da aka tanada don wannan gubar, saboda hanta ta fi son ta fara da itanol ɗin, amma ana yin haka ne da awon jini akai-akai, sau da yawa tare da wankin ƙoda. Wanda ake zargin ya sha, a kai shi asibiti nan take, ko da yana ta magana garau.

Maganar cewa kofi ɗaya a rana na gyara zuciya ma ta yi rauni. A yawancin binciken da aka dogara da su, an lissafa waɗanda rashin lafiya ta sa suka daina sha cikin marasa sha, sai masu sha kaɗan suka fito kamar sun fi lafiya. Tun 1988 aka sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara, ciki har da ta baki, maƙogwaro da hanta, daga baya aka ƙara ta mama da ta hanji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 da ita a 2019 kaɗai.

Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, kada a tilasta masa yankewa dare ɗaya a gida, ko da shi ya nema. Hannu na iya fara rawa cikin awa 6 zuwa 12, farfaɗiya na iya biyowa, a rana ta biyu zuwa ta uku kuma ruɗewa da gane-gane masu iya kisa. Yana bukatar likita ya ba shi maganin kwantar da jijiyoyi da bitamin B1, a kuma sa masa ido na 'yan kwanakin farko.