Gawar Titin Katampe da Masu Cewa Allah Ya Ƙara

Ranar Alhamis 8 ga Agusta 2024 aka wayi gari da gawa yashe a gefen babban titin Katampe zuwa Mabushi a Abuja. Kafin azahar hoton ya gama zaga wayoyi: wanda aka fi sani da Abuja Area Mama a TikTok ne, mai shekara 33, wanda ya daɗe da komawa shigar mata yana kuma kiran kansa mace. 'Yan sandan birnin tarayya sun tabbatar da tsintar gawar, sun ce suna bincike. Duk wannan kun gani. Abin da ya ɗaga min hankali har na ɗauki alƙalami shi ne abin da na tarar mutanenmu suna rubutawa a ƙarƙashin labarin. Wannan ya ce Allah ya ƙara, wancan ya ce an rage mugun iri, wani kuma yana lissafa sunayen waɗanda yake fatan su biyo baya. Da yawansu hoton Ka'aba ne a fuskar shafinsu.

Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsaya ya tambayi wanda ya yi kisan ko dalilinsa. Mutum ya kashe rai ya jefar a bakin titi ya yi tafiyarsa, ku kuma kuna sa masa albarka. In ɗan fashi ne, gobe ƙanenka mai dawowa daga aiki da dare zai tare a wannan titin. In ma don shigar matan ya yi, to ya naɗa kansa alƙali da mai shaida da hauni a dare ɗaya, kuma wanda aka tafa wa a karon farko ba ya neman izinin kowa a karo na biyu.

Masu wannan murna da addini suke fakewa, don haka da addinin zan fara. Ba ni da ja a kan abin da malamai suka karantar da mu game da namiji ya kamanta kansa da mace, kuma ban zo in halatta wa kowa komai ba. Amma littattafan da suka kawo hanin su ne suka kawo sauran hukuncin, kuma ba a karanta rabin shafi a rufe. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani mai kamanta kansa da mata wanda ya yi lalle a hannu da ƙafa. Sai ya sa aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, wajen Madina. Da aka tambaye shi ko a kashe mutumin, sai ya ce an hana shi kashe masu sallah. Shugaban al'umma ke nan, da cikakken iko a hannunsa, ya ƙi zubar da jinin. Kai da ba ka da sarautar ko mai unguwa, daga ina ka samo naka ikon? In kuma ka ce wanda aka kashe ba lallai ne mai sallah ba, aya ta 32 a Suratul Ma'ida rai ta ambata, ba ta ce ran Musulmi kaɗai ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu 4 ba. Ko mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ta rikita, malaman fiƙihu sun zauna sun fitar masa da rabonsa na gado. Addinin da ya yi wannan taka-tsantsan da mutunci da jini ba zai zama mafakar mai shewa a kan gawa ba.

Kuma mu daina yin kamar yau muka fara ganin irin waɗannan mutane. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ya san 'yan daudu. A tasha suke, a bakin kasuwa suke, suna tuƙa tuwo suna soya kaji, ana kiransu girkin biki. Ina yaro akwai wani a tashar garinmu mai ɗaura zane a ƙirji, da shi da abokan sana'arsa ƙawata suke kiran juna. Malamai na yi musu wa'azi, dattawa na kawar da kai, yara na tsokana, direbobi kuma na cin abincinsu su biya. Ranar da ya rasu an yi masa wanka da sallah, an kai shi makwancinsa kamar kowa. Kakanninmu ba su fi mu sakaci da addini ba. Sun dai san inda ƙin hali yake tsayawa, ba su ƙetara zuwa farautar mai halin ba.

Abin da ya sauya shi ne an gano cewa wannan batu yana da kasuwa. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko mara mata baya. Wata guda bayan haka, a Gishiri, unguwar da ba ta da nisa da inda aka tsinci wannan gawa, gungun matasa suka bi gida-gida da dare da sanduna suka fito da maza fiye da goma suka lakaɗa musu duka. Dokar ba ta ba kowa wannan izini ba, amma haka 'yan unguwa suka fassara ta. A 2022 aka kai wa Majalisar Wakilai ƙudurin ɗaure mai shigar da ba ta jinsinsa ba wata 6, bai dai zama doka ba. A 2023 an kama mutum 67 a jihar Delta da 76 a Gombe bisa zargin bikin auren jinsi, aka baza labarinsu a duniya tun alƙali bai ga fuskarsu ba. A watan Yulin 2024 kuma aka tayar da ƙura kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, aka ce an sayar da ƙasa ga masu auren jinsi, gwamnati ta musanta, amma huɗubobi da bidiyoyi sun riga sun yi nisa. Kowane zagaye wani yana samun ƙuri'a, wani mabiya, wani kuɗin talla. Wanda ke biyan bashin kullum shi ne talakan da ba shi da katanga.

Ku dubi Bobrisky, shahararren mai shigar mata na Legas. A watan Afrilun 2024 kotu a Legas ta ɗaure shi wata 6, kuma kan wulaƙanta naira ne, ya fito ranar 5 ga Agusta kyamarori na jiransa. Kwana 3 tsakani aka tsinci Area Mama a bakin titi. Mai kuɗi da lauyoyi yana da ƙofar fita. A makon da aka tsinci gawar ne kuma matasan Arewa suke kan titi suna zanga-zangar yunwa, ana harbi, an sa dokar hana fita a Kano, amma wasu suka sami sararin yin biki a kan mutuwar wanda bai taɓa ƙara musu kuɗin mudun shinkafa ba.

Ƙungiyoyin waje da ofisoshin jakadanci masu fitar da sanarwa da Turanci ba su san gidajenmu ba, kuma duk lokacin da suka buɗe baki ƙara wa wutar fetur suke yi, don haka ba da su nake ba.

Da iyaye nake. Yaron da ya fara jin cewa jikinsa ba nasa ba ne, ya fara saka kayan yayarsa a ɓoye, ba daga Amurka aka aiko shi ba, a ɗakinku aka haife shi. Yawanci abin da yake fara samu shi ne duka, sai gori, sai a ce ya bar gidan kada ya ja wa zuri'a abin kunya. Ina kuke zaton zai nufa? Zai hau mota zuwa Abuja ko Legas, ya sami waɗanda za su ba shi tabarma da abinci su kira shi da sunan da yake so. A can zai ji labarin ƙwayoyin sauya halitta, ya saya a kemis ba tare da likita ya duba jininsa ko hantarsa ba. A can, in babu sana'a, dare ne zai ciyar da shi. Uban da ya kore shi don gudun magana shi ne ya miƙa shi ga duniyar da yake tsoro, ya kuma yanke igiyar da zai iya jawo shi da ita. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka muka ji daga manya, amma a wannan batu kaɗai muke mantawa.

Ku bar yaran a gida, ku nema musu malami mai haƙuri da likita mai riƙe sirri. Limaman da suka yi huɗuba a kan Samoa su ware Juma'a ɗaya su yi a kan alfarmar jini. Rundunar 'yan sandan Abuja kuma ta fito ta faɗa wa jama'a wanda ya ajiye gawar nan a titin Katampe, ta kai shi gaban alƙali da sunansa.