Kunnen doki a Goya ba magudi ba ne

Wai har yanzu akwai masu cewa magudi aka yi a bikin Goya, wato bikin ba da kyaututtukan fina-finan Sifaniya, da aka yi a birnin Granada, inda fina-finai biyu suka yi kunnen doki a kyautar fim mafi kyau. To sannunku da binciken ƙwaƙwaf! Wani ma ya shigo ƙarƙashin rubutuna yana cewa raba kyauta aka yi don kar a ɓata wa kowa rai. Malam, ƙuri'a aka kaɗa. Mambobin ƙungiyar masu sana'ar fim ta Sifaniya ne suka zaɓa, aka ƙirga, El 47 da La infiltrada suka zo daidai wa daida. Tun da aka fara bikin a Madrid a 1987 ba a taɓa yin kunnen doki a kyautar fim mafi kyau ba sai a Fabrairun 2025. Da sun iya irin wannan dabarar, ai da ba su jira shekara 38 ba.

Eh, an yi kwamacala a dandamali, an kira sunan fim ɗaya, 'yan fim ɗin sun fara rungumar juna, sai aka ce akwai na biyu. Wannan sakacin masu shirya taro ne. Ƙuri'a dai tana nan yadda aka ƙirga ta.

Ni dai gaskiya El 47 ya taɓa min zuciya. Manolo Vital, direban bas a Barcelona, hukuma ta ce mota ba za ta iya hawa tudun unguwarsu ta Torre Baró ba, a 1978 ya karkata sitiyari ya hau da ita har sama. Unguwar da baƙi daga yankunan Extremadura da Andalusiya na Sifaniya suka gina da hannunsu, cikin dare suke kafa rufi kafin 'yan sanda su zo da asuba. Amma son da nake masa bai sa na ce ɗayan fim ɗin, La infiltrada, na 'yar sandar da ta kutsa cikin ƙungiyar ETA ta 'yan awaren yankin Basque masu ɗauke da makamai, bai cancanta ba. Carolina Yuste ma ta ci kyautar jaruma a kansa. Ƙuri'a ce, jama'a, ku bar ta haka.

Wai ni masu fassara mana fina-finan Indiya ba sa leƙa Sifaniya ne? Labarin direban nan in aka sa shi da Hausa, wallahi har a tashar mota sai an kalla.